Kura Ta Fito, Hoto Ya Ƙi Fitowa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A watan Janairu mun je Yankari ni da abokaina. Muna kan hanyar komawa masaukin Wikki dab da magariba, sai ga kura ta ratso hanya ta tsaya tana kallonmu. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, amma duk dishi-dishi suka fito. Wanda na kunna wa filasha kuwa, ƙwala-ƙwalan idanu biyu kawai ake gani a cikin duhu. Madubin kyamarata 70-300mm ne, kuma a kan otomatik nake barinta. Ko in sayar da ita in sayi wata? Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kai kyamarar nan kasuwa tukuna, ba ta yi laifin komai ba. Abin da ka sa ta shi ta yi.

Idan haske ya ragu, kyamarar da ke kan otomatik takan jinkirta ƙiftawarta don ta tara haske, ta yiwu har ta sauka zuwa 1/15 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin kura ta juya kai, hannunka ya girgiza, mota kuma tana rawa. Madubin da aka zuƙo zuwa 300mm yana ninka kowace girgiza kamar yadda yake ninka girman dabbar. Tsohuwar ƙa'idarmu ita ce kada saurin ƙiftawa ya gaza tsawon madubi: a 300mm, kada ka sauka ƙasa da 1/300. Idan dabbar tana tafiya, 1/500.

To ina za a samo hasken? Irin madubinka, idan ka zuƙo shi ƙarshe, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 a mafi yawansu (wannan ma'aunin faɗin ƙofar ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa). Mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wannan, amma kuɗinsa sai wane da wane, ni ma aro nake yi. Abin da ya rage a hannunka shi ne ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoto haske idan ka ɗaga ta, kuma nan ne masu koyo suke jin tsoro. An gaya musu ISO mai yawa yana ɓata hoto, yana sa shi kamar an watsa masa yashi. Gaskiya ne. Amma ɗaga shi, 3200, 6400, in ta kama har 12800. Yashin nan ana rage shi a kwamfuta, musamman in ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye hoton ɗanye ba tare da kyamara ta sarrafa shi ba. Hoton da ya girgiza kuwa babu malamin da zai yi masa tofi ya tashi.

Ni ma na sha wannan. Wata rana da almuru dila ya fito mini fili, ya tsaya a kan suri kamar an biya shi. Na yi ta dannawa ina murna. Sai da na dawo masauki na ga ashe tun azahar ISO yana kan 100, ban canza ba. Daga ranar, da la'asar ta yi sanyi nake saita kyamara a kan M, wato tsarin saitawa da hannu, in buɗe ƙofar madubi iyakarta, in sa 1/500, in bar ISO ya riƙa hawa da kansa. A wajenmu nan duhu ba ya jira. Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da haske zai ƙare bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, kuma a Janairu hazon hunturu yana shanye rana tun kafin ta faɗi.

Ka ɗinka 'yar jaka ka cika ta da gero ko wake, kamar mudu ɗaya, ka ɗora a tagar mota ka kwantar da madubin a kai. A cikin mota ta fi ƙafar kyamara amfani nesa ba kusa ba. Sannan ka roƙi direba ya kashe inji. Idan kyamara ta kasa kama dabbar tana ta kai da komo, ka sa ɗigon tsakiya, wanda take kama hoto da shi, a kan ido ko gefen kunne, inda duhu ya haɗu da haske.

Batun filasha: a bayan idon kura da zaki da kyanwa akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke taimaka musu gani da dare. Filashar da ke kan kyamara tana dab da madubi, don haka hasken yana dawowa kai tsaye, ga shi kuma ba ya kai ko'ina bayan 'yan mitoci. Ni ba na kunna ta wa dabbar dawa sam. Kashe mata ido kake yi a daidai lokacin da ta fito neman abinci. Kuma komai kyan hoton da kake hange, kada ka sauka daga mota.

Ka yi sa'a ma da ka ga kura. Zaki a Najeriya ya rage ne a Yankari da gandun dajin Kainji kawai, kuma ƙalilan ne, masu bincike ma sau da yawa da kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya suke samunsa. In za ka koma, ka nufi ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji.

TAMBAYA: Malam, ni waya kawai gare ni. Tsarin ɗaukar dare da ke cikinta zai yi? Daga wata ɗaliba a Zinder.

AMSA: 'Yata, wannan tsarin hotuna da yawa yake ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku ya haɗe su, saboda haka yana son abin da ba ya motsi. Zakin da ke kwance zai fito, mai tafiya ba zai fito ba. Kada ki zuƙo da yatsu, ɓata hoton kawai zai yi. Ki jingina wayar da taga ki ɗauki bidiyo.