Dole ne abin bauta ya zama na gado?

Ka tambaya ko mai addinin gargajiya dole ne ya riƙe abin bautar kakanninsa, ko yana iya kama wani daban. Ba dole ba ne, sai dai ya danganta da wajen da mutum ya shiga. Ko masu raya bautar Odin da Thor (abubuwan bautar mutanen arewacin Turai na da) a Amurka sun rabu biyu kan wannan. Ƙungiyar Asatru Folk Assembly, wadda Stephen McNallen ya kafa a 1994, ta dage sai mai jinin Turawa, ita kuwa The Troth, da aka kafa tun 1987, ba ruwanta da asalin kowa. Ni dai a ganina ta farkon wariyar launin fata ce aka naɗa mata rawanin addini.

Sharaɗin da zan ƙara daga abin da na taso ina gani wajen 'yan bori a ƙauyenmu ne: a wurinsu ba mutum ke zaɓe ba, iska ke zaɓar dokinta. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gaji iskar da ake kira Inna daga kakarta, ba ta rabuwa da ƙwaryar nono a lungun ɗaki. Amma 'yar riƙonta, wadda ba ta haɗa jini da kowa a gidan ba, ciwo ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har aka yi mata girka, sai ga Ɗan Galadima ya hau kanta, yana neman turare da babbar riga.