Konfushiyas da Laozi: wanda ya ce a gyara da wanda ya ce a bari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na ga tambayarka, inda kake son sanin bambancin koyarwar Konfushiyas da ta Dao (wato "hanya", koyarwar da ake jingina wa Laozi), ko addini ne su, da kuma wacce ta fi amfani ga zaman jama'a. Na ga amsar da wani ɗan uwa ya ba ka, cewa ɗaya biyayya ce ga manya, ɗayar kuma zaman kashe wando da wasan kunfu. Allah ya saka masa, amma ya tauye wa dukkansu mudu. Na yi karatu a lardin Shandong, mahaifar Konfushiyas, daga baya na yi wa 'yan kasuwarmu aikin tafinta a Guangzhou. Bari in ba ka abin da na karanta haɗe da abin da idona ya gani.

Sai ka san zamanin tukuna. An haifi Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, a shekarar 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a ƙasar Lu, ya rasu a 479. Gidan sarautar Zhou a lokacin suna kawai ya rage masa. Hakimai sun zama sarakunan kansu, suna yaƙar juna, bafade ya kashe ubangidansa, ɗa ya tuɓe ubansa. A Lu ɗin ma wasu gidaje uku ne suka ƙwace mulki suka bar sarki da kujera. Kowane mai ilimi tambaya ɗaya yake yi: me ya lalace, yaya za a yi? Koyarwar biyu duk amsa ce ga wannan.

Konfushiyas ya ce tarbiyya ce ta lalace. A ganinsa babu mutumin da ke tsaye shi kaɗai, kowa ɗan wani ne, ƙanen wani ne, talakan wani ne, abokin wani ne, kuma kowace dangantaka da haƙƙinta. Da sarkin Qi ya tambaye shi yadda ake mulki, cewa ya yi sarki ya zama sarki, bafade ya zama bafade, uba ya zama uba, ɗa ya zama ɗa. Hanyar kai wa ga haka ita ce ladubba: yadda ake gaisuwa, yadda ake zama a gaban babba, yadda ake jana'iza, a yi ta maimaita su har su bi jiki. Maganarsa da ta fi zama a raina ita ce, in ka kora mutane da doka da bulala za su kauce wa hukunci amma ba za su san kunya ba, in ka ja su da halin kirki da ladabi kunya ce za ta riƙe su. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan.

A Shandong ladubban nan suna raye, musamman wurin cin abinci. Mai gida yana zama yana fuskantar ƙofa, babban baƙo a damarsa, na biyu a hagunsa, mataimakin mai gida ya ba ƙofa baya. Kafin a zauna sai an daɗe ana ja-in-ja, kowa yana tura ɗan uwansa zuwa kujerar da ta fi girma. In za a haɗa kofuna, ƙarami yana saukar da nasa ƙasa da na babba, ni da kofin shayina haka nake yi. Malaminmu kuwa ko ya yi kuskure a aji ba wanda zai tanka a bainar jama'a, sai an bi shi ofis.

Amma masu cewa biyayya ce makauniya ba su karanta shi ba. Wani mai mulki a Lu ya kawo masa kukan yawan ɓarayi, ya ce masa da kai ba ka da kwaɗayi, ko biyansu ka yi ba za su yi sata ba. Almajirinsa Zilu ya tambayi yadda ake yi wa sarki hidima, ya ce kada ka yaudare shi, amma ka ja da shi ido da ido. Shi kansa ya ajiye muƙaminsa a Lu ya yi shekaru sama da goma yana yawo ƙasa ƙasa, yana neman sarkin da zai ji magana, bai samu ba. Mengzi, mabiyin koyarwarsa wanda ya zo bayansa da kusan ƙarni biyu, ya wuce nan: ya ce azzalumin sarki ya tashi daga sarki, kawar da shi ba cin amana ba ne. Maganar ta ƙona wa wanda ya kafa daular Ming rai har ya sa aka cire irin waɗannan wurare daga littafin Mengzi.

Inda nake da ja da shi shi ne zancen tunkiya. Wani hakimi ya yi masa alfahari cewa a ƙasarsu akwai mai gaskiyar da ya ba da shaida a kan ubansa da ya saci tunkiya. Konfushiyas ya ce a wajenmu ba haka gaskiya take ba, uba ya rufa wa ɗa asiri, ɗa ya rufa wa uba. Na gane abin da yake karewa: in gida ya zama wurin da ake leƙen asirin juna, ba abin da zai tsaya. Sai dai na taɓa shiga tsakani a wata masana'anta inda aka ɓata wa wani ɗan kasuwarmu kaya, kowa a wurin ya san mai duba ingancin kayan ne ya yi sakaci, amma ƙanen matar mai masana'antar ne, sai aka ɗora wa wani ƙaramin ma'aikaci. Kafin wani ya yi dariya, mu ma mun san irin wannan a gida.

Laozi kuwa, shi kansa labarinsa a lulluɓe yake. Sima Qian, babban marubucin tarihin daular Han, ya kawo cewa mai kula da taskar littattafan fadar Zhou ne, da ya ga ƙasa ta lalace ya nufi yamma, mai gadin mashigar dutse ya roƙe shi ya bar rubutu kafin ya wuce. Masana da yawa yau suna ganin littafin, Daodejing, hannaye da dama ne suka tara shi. Babi 81 ne, haruffa kusan 5,000, kuma an tono wasu sassansa rubuce a kan gora a wani kabari a Guodian a 1993, kabarin na wajen shekarar 300 kafin miladiyya.

Amsarsa ita ce yawan gyaran shi ne ciwon. Ya ce sai da aka bar hanyar asali aka fara wa'azin tausayi da adalci, sai da dangi suka daina jituwa aka fara yabon ɗa mai biyayya. Ladubban da Konfushiyas ke ɗaukakawa, shi cewa ya yi alama ce ta amana ta yi ƙaranci, kuma mafarin rikici ne. Dokoki in sun yawaita ɓarayi ƙaruwa suke yi. Talaka yana yunwa ne don na sama sun cinye a haraji. Mulkin babbar ƙasa kamar suyar ƙaramin kifi ne, in ka cika juyawa ya dagargaje. Mu muka ce garin gyaran gira a rasa ido. Ka lura da wanda ake yi wa maganar: yawancin littafin da mai mulki yake. Rashin aikin da ake jingina masa rashin tilastawa ne, ka bi abu ta inda yake tafiya da kansa. Shugaban da ya fi a wajensa shi ne wanda da ƙyar aka san yana nan, in aiki ya kammala jama'a su ce mu muka yi da kanmu.

Kuma an gwada. Daular Qin ta haɗe ƙasar a 221 kafin miladiyya da tsauraran dokoki da aikin tilas, ta ƙona littattafai a 213, ba ta wuce shekara 15 ba ta rushe. Sarakunan farko na Han suka gaji ƙasa a gajiye, suka sassauta. Waziri Cao Can bai canja komai daga tsarin wanda ya gada ba, har sarki ya yi ƙorafin ba ya aiki. Ya tambayi sarki, ka fi mahaifinka? Ya ce a'a. Ni na fi wazirin da ya rasu? Ya ce da alama a'a. Ya ce to mu riƙe abin da suka bari. Sarki Wen ya soke hukuncin yanke gaɓoɓi a 167, a zamanin ɗansa Jing harajin gona ya tsaya kashi ɗaya cikin talatin. Sima Qian ya ce rumbuna sun cika har hatsi na ruɓewa a waje, igiyoyin da aka shirya kuɗi a kansu suka rube a baitulmali. Sai dai a cikin wannan sakin ne 'ya'yan sarauta na larduna suka yi ƙarfi har bakwai suka yi tawaye a 154. Sarki Wu da ya hau a 141 ya juya ga malaman Konfushiyas, ya kafa musu makarantar fada a 124. Daga baya jarrabawar shiga aikin gwamnati ta ginu a kan littattafansu, ba a soke ta ba sai 1905.

Wanda na fi jin daɗin karantawa a ɓangaren Dao shi ne Zhuangzi, mutum mai barkwanci da kaifin baki. Sarkin Chu ya aiko a ba shi muƙami yana kamun kifi, ya tambayi manzannin ko kunkurun da aka adana ƙasusuwansa a fada ana girmamawa ya fi son haka ko ya rayu yana jan wutsiya a taɓo. Suka ce taɓo. Ya ce ku tafi, ni ma taɓon nake so. A littafinsa ne aka ce wanda ya saci maɗaurin ɗamara a kashe shi, wanda ya saci ƙasa ya zama sarki. Matarsa ta rasu, abokinsa ya zo ta'aziyya ya tarar da shi yana kaɗa kwano yana waƙa. Ya ce da farko ya yi baƙin ciki, sai ya tuna mutuwa sauyi ce irin ta damina da rani. Ka ajiye wannan kusa da Konfushiyas, wanda ya kira almajirinsa marar tausayi don ya nemi a rage makokin iyaye daga shekara uku zuwa ɗaya. Haka kuma zancen wanda ya cuce ka: Laozi ya ce ka rama masa da alheri, Konfushiyas ya ce to shi mai alherin da me za ka saka masa? A biya cuta da adalci, alheri da alheri.

A zahiri Basine ba ya zaɓar ɗaya ya yar da ɗaya. Ma'aikacin da ya haddace Konfushiyas ya ci jarrabawa, ranar da aka tuɓe shi Zhuangzi yake buɗewa. Tao Yuanming ya ajiye hakimci a shekarar 405 miladiyya bayan kwana tamanin da 'yan kai, ya koma gona da waƙa, ya ce ba zai durƙusa saboda 'yan mudun shinkafa ba. A ofisoshin masu masana'antu na sha ganin an rataya maganar Laozi cewa mafificin kirki kamar ruwa yake, mai ofishin kuma yana tafiyar da ma'aikata tamkar uba da 'ya'yansa, ba mai ɗaga masa murya.

Zancen addini: Konfushiyas bai ce an aiko shi ba. Da aka tambaye shi kan aljanu da mutuwa cewa ya yi ba ka iya hidimar mutane ba, ba ka san rayuwa ba tukuna. Duk da haka yanka da sujada ga kakanni suna cikin ladubbansa, kuma an gina masa ɗakunan girmamawa, mafi girma a garinsu, Qufu. Dao kuwa ta zama addini sosai daga shekarar 142 miladiyya a hannun Zhang Daoling, da limamanta da gumakanta da layu, har da neman maganin dawwama, wanda ya kashe wasu sarakunan Tang saboda gubar da ke cikinsa. Wannan daban, littattafan Laozi da Zhuangzi daban. Malaman Musulmin Sin irin su Wang Daiyu da Liu Zhi, a ƙarni na 17 da na 18, sun bayyana Musulunci da kalmomin Konfushiyas, suka karɓi abin da ya dace na ɗabi'a suka tsaya a kan tauhidi. Ni ma a nan nake tsayawa.

Wacce ta fi? In za a gina makaranta, ko kotu, ko a rene yaro, Konfushiyas ke da kayan aiki. Ƙaramar ƙasar da Laozi ya yi mafarki, inda maƙwabta ke jin carar zakarun juna har su tsufa ba su ziyarci juna ba, ba ta ɗaukar mutum biliyan. Konfushiyas ma yana da amsar da ya ba masu gudun duniya: ba zan zauna da tsuntsaye da dabbobi ba, in ban zauna da mutane ba da wa zan zauna? Amma tsarinsa in aka bar shi ba mai tsawata masa riya yake komawa, a yi ta durƙuso zuciya tana wani wuri, mace da ƙaramin yaro su rasa bakin magana, kuma wannan ne ya sa matasan Sin suka yi masa bore a 1919. Mai tsawatarwar da ya fi kaifi shi ne ɓangaren Dao.

In za ka karanta, fara da Lunyu, maganganun Konfushiyas da almajiransa suka tara, babi 20, kaɗan kaɗan don ba labari ne mai jere ba. Sannan babi bakwai na farkon Zhuangzi. Daodejing ka bar shi ƙarshe, kuma ka duba mai fassarar ko ya iya Sinancin dā, don akwai fassarori da yawa a kasuwa na mutanen da ba su iya harshen ba, wasu fassarorin kawai suka sake tsarawa.