Idan Ba Filawud Ba, Da Me Za A Zuba Kankare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gina gidan zama mai hawa ɗaya, mun kai dekin. Lissafin filawud ɗin da za a shimfiɗa a zuba kankare a kai, wanda kafinta ya kawo, ya fi ƙarfina. Wani ya ce in sayi falankan katako, wani kuma ya ce in yi hayar farantan ƙarfe. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Kafin ka dubi farashi, ka fara ƙirga sau nawa za ka yi zubi da abin da za ka saya. Dekin ɗaya gare ka, sai linta da 'yan ginshiƙai, don haka sayen abin da zai jure zubi ɗari asara ce. Idan akwai masu ba da hayar farantan ƙarfe kusa da kai, kuma ɗakunanka masu kusurwa huɗu ne ba lanƙwashe-lanƙwashe, haya ta fi. Ka duba su da idonka kafin ka biya, domin farantin da ya lotsa ko ya yi tsatsa zai buga siffarsa a jikin kankaren, kai kuma ka biya da filasta mai kauri.

Falanki ma yana aiki, da shi aka yi ta zubi tun kafin filawud ya yaɗu. Sai dai yana da hali. Busasshen katako yana tsotse ruwan kankare, ɗanye kuma yana kanannaɗewa a rana, ya buɗe baki tsakanin falanki da falanki. Ta nan ruwan siminti ke tsiyayewa, ya bar tsakuwa tsirara, in an cire katako a ga ramuka kamar saƙar zuma. A jiƙa falankan kafin zubi, a matse su sosai, a toshe duk wata kafa. Tunda za ka yi filasta, zanen katakon da zai fito ba abin damuwa ba ne, yana ma taimaka wa filastar ta kama.

Inda ba na so ka rage kuɗi shi ne tokara, wato sandunan da ake tokare allon zubi da su daga ƙasa. Kankare mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita, ban da leburori da baro da injin girgiza. Falanki ko faranti fuska ce kawai, sandunan da ke ƙasa su ke ɗauke da wannan nauyi. A dasa su a kan ƙasa mai tauri, a sa musu katako a gindi kada su nutse, a ɗaure su da juna. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa injiniya ne zai faɗa.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne, na samu aikin gidaje masu yawa iri ɗaya. Na gaji da sayen filawud yana ɓarewa. Ƙarfe zan saya, alminiyam, ko allon roba da ake tallatawa?

Amsa: Yallaɓai, kai lissafinka daban ne. Ka raba kuɗin kowane allo da yawan zubin da zai yi, ka haɗa da kuɗin ɗauka da wanki da gyara. Filawud na gama-gari yakan gaji bayan zubi kaɗan, saboda ruwa na shiga ta gefensa ya ɓamɓare gam. Mai rufin fim, wato wanda aka lulluɓe fuskarsa da siririn rufi mai hana ruwa shiga, yana daɗewa fiye da haka idan ana shafa wa gefen da aka yanka fenti. Ƙarfe kuwa yana wuce zubi ɗari in ana kula da shi, ba ya shan ruwa, fuskar da yake bayarwa sumul ce. Aibinsa nauyi, kuma ba a yanka shi da zarto a wurin aiki, sai an nemo mai walda.

Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, mutum ɗaya na iya ɗaga allo ya hau da shi. Shi ya sa ake son sa a dogayen benaye da ake zuba bango da dekin tare, hawa bayan hawa. Amma ana ƙera shi ne daidai da zanen gininka. Ranar da mai aiki ya ce a matsar da taga, allunan da ka kashe wa dukiya sun daina dacewa. Sannan ɗanyen siminti yana cin tsuran alminiyam har ya fitar da iska da ke barin ƙuraje a fuskar kankare, don haka dole a sayi wanda aka yi domin wannan aiki, a kuma riƙa shafa masa mai. Ga shi da farin jini wurin ɓarayi, sai ka sa kuɗin gadi a lissafi.

Roba ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa, kankare ba ya manne mata sosai, wanki da ruwa ya ishe ta. Raunin ta shi ne laushi: tana lanƙwashewa fiye da filawud mai kauri ɗaya da ita, zafin rana kuma yana sa ta miƙe. Sai an ƙara sanduna a bayanta, wanda masu talla ba su cika faɗa ba. A ganina, ka sayi ƙarfe domin ginshiƙai da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗauke da dekin), inda matsi ya fi yawa kuma awon ba ya canzawa. Roba ka fara gwada ta a gida ɗaya, ka auna miƙewar dekin bayan an cire, kafin ka cika sito da ita.

Tambaya: Ina son ginshiƙai masu zagaye a baranda. Kafinta ya ce da katako zai yi wuya.

Amsa: Gaskiya ya faɗa. Akwai bututun kwali mai kauri da ake yi musamman domin haka, sau ɗaya ake amfani da shi a yage, kuma kada ruwan sama ya taɓa shi kafin zubi. Bututun PVC mai kauri da aka tsaga gida biyu aka ɗaure da ɗamarar ƙarfe shi ma yana yi wa ƙananan ginshiƙai. Ka lura da gindi. Ɗanyen kankare yana tura gefe kamar yadda ruwa ke yi, matsin yana ƙaruwa da zurfi, har a ƙasan ginshiƙi mai tsawon mita 3 yana iya kaiwa tan 7 a kan murabba'in mita idan aka cika shi a tashi ɗaya. A yawaita ɗauri a ƙasa, a zuba kaɗan-kaɗan.

Tambaya: Ina da ragowar allon da aka yi mini kabad, irin na garin katako da aka matse. Zai yi zubin linta? Kuma dole ne a sa katako a ramin fandisho?

Amsa: Hajiya, ki bar wannan allon. Da ya sha ruwa zai kumbura ya marmashe, lintar ta fito da ciki. Fandisho kuwa, idan ƙasar mai tauri ce, gefen ramin ya yanku tsaf ba ya zubewa, ana iya zubi kai tsaye. Sai a bar aƙalla santimita 7.5 tsakanin rodi da ƙasa domin kada danshi ya kai ga ƙarfen. In yashi ne, ki sa a jera bulo a gefe ya zama akwatin, a bar shi a ciki.

Tambaya: Magina suna shafa baƙin mai a allo, suna kuma son cire tokara da wuri don su mayar da kayan haya. Ya halatta?

Amsa: Baƙin mai yana ɓata fuskar kankare, yana hana filasta da fenti kamawa, in ya taɓa rodi kuma ya rage riƙon da ke tsakaninsa da kankare. Akwai man da aka yi domin wannan aiki, a shafa shi sama-sama kafin a ɗaura rodi. Allon gefe na ginshiƙi da bim ana iya cire shi bayan kwana 1 zuwa 2. Tokarar ƙarƙashin dekin takan zauna kwana 7 zuwa 14 gwargwadon faɗin ɗakin, ta dogon bim har kwana 21, a lokacin sanyi ma fiye da haka. Ka yi yarjejeniyar hayar da waɗannan kwanaki tun farko, kada kuma a zare sanda ko ɗaya sai injiniyanka ya amince.