Ga mai tambaya kan insha'in muhawara

'Yar'uwa, da na karanta cewa ɗanki na aji biyu a ƙaramar sakandare yana cika shafi da rubutu amma malami ya ce "babu hujja", sai da gabana ya faɗi, don abin da 'yata ta sha ke nan. Kin tambaya ta ina za ki fara. Ki fara da baki kafin biro. Ki ba shi batu, misali ko ya kamata a rage wa ɗalibai aikin gida, ki ce ya zaɓi ɓangare ɗaya ya faɗa miki a jimla guda. Nan yara suke tuntuɓe. Tsoron tsayawa suke yi, sai su jero amfanin abu da illarsa su ajiye biro, alhali yin hakan insha'in bayani ne, ba na muhawara ba.

Ita 'yata, malaminsu ɗaukar takardarta ya yi ya karanta a gaban aji yana kwaikwayon muryarta, yara suna ta dariya. Ko layi ɗaya bai nuna mata inda ta kuskure ba, jan biro kawai ya ja daga sama har ƙasa. Yarinyar da ke son rubutu kamar me ta dawo ta ƙi cin abinci, ta ce ita daƙiƙiya ce. Da na je na same shi, wai ai yaran yanzu ba sa tunani. Kai da aka damƙa wa amanarsu, ka taɓa koya musu yadda ake yi? Har yau in na tuna fuskarta a ranar raina yana ɓaci. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Abin da ya fitar da mu wani tsari ne da masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya bayyana a 1958: da'awa (wato ra'ayin da mutum ya tsaya a kai), hujja, sai bayanin da ke ɗaure hujjar da da'awar. Na ukun nan shi yara ke tsallakewa. Yaro zai rubuta cewa ɗalibai suna kai dare kan aikin gida, ya wuce. Ki tare shi da "to, sai me?" har ya ce rashin barci yana hana mutum gane darasin safe, saboda haka yawan aikin yana ɓata abin da aka ba da shi dominsa. Kowane dalili da sakin layinsa, uku sun isa tsakanin gabatarwa da kammalawa.

Kar ya ɓoye ra'ayin ɗaya ɓangaren. Ya kawo shi da adalci, "wasu na ganin aikin gida yana ƙarfafa abin da aka koya", sannan ya amsa da "sai dai". Kuma don Allah kar ki rubuta masa ko ya yi kuka, kar kuma ki bari ya kwafo daga intanet. Ki riƙa yaba masa tun kafin gyara, yaron da aka karya wa gwiwa ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

Ki je ki sami malamin ɗanki, cikin ladabi, ki nemi ya nuna miki yadda yake raba maki tsakanin hujja, tsari da ƙa'idojin rubutu. Haƙƙinki ne. Wane batu aka ba shi wannan karon? Ki faɗa mana mu tayaku lalubo dalilan.