Kar ki jira sai idon ya yi ja

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ƙarambau ya warke amma yana kukan ganin hazo-hazo da baƙaƙen abubuwa suna yawo, ido kuma fari tas, ko ki bari ya wuce da kansa? Don Allah kar ki bari. Haka tawa 'yar ta fara.

Ma'aikacin lafiyar da muka fara zuwa wajensa tocila kawai ya haska mata, ko zama bai yi ba, ya ce lafiyarta ƙalau, wai makaranta ce ba ta so. A gabanta ya faɗa, har da dariya. Yarinya ta sunkuyar da kai, daga ranar ta daina faɗin komai, tana fama ita kaɗai. Sai gani na yi ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, hannun ya wuce ta gefe, ta sake lalubawa. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan zuciyata tafasa take.

Likitan ido ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ya leƙa can baya, ya nuna mini hoton: jijiyoyin jinin retina, wato shimfiɗar bayan ido da ke karɓar haske, sun kumbura, sun yi fari kamar an barbaɗa musu gari. Ya ce wani lokaci bairas ɗin ƙarambau ne da kansa, wani lokaci garkuwar jiki ce ke ci gaba da faɗa bayan cutar ta tafi. Sau da yawa babu ja, babu zafi, tocila kuma ba ta kaiwa can.

Yanzu-yanzu ki rufe masa ido ɗaya ki nuna masa abu, sannan ɗayan, don lafiyayyen ido yana rufa wa mai ciwon asiri. Kar ki saya masa maganin ɗigawa da kanki. Mu sai da aka yi gwajin jini da na tarin fuka kafin a ba ta prednisolone (maganin rage kumburi) da aciclovir (maganin bairas). Fuskarta ta yi suntum, ga ci ba ƙaƙƙautawa, na yi kuka, amma ba a yanke prednisolone farat ɗaya, a hankali ake ragewa. In an yi masa allurar kala don ɗaukar hoton jijiyoyin, fitsarinsa zai yi rawaya sosai, kar ki firgita.

Ganinta ya dawo, alhamdulillahi, amma muna komawa ana auna ƙarfin ruwan ido, saboda prednisolone kan ɗaga shi. Ki kai shi wajen likitan ido yau, ki dage a duba bayan idon, kuma ki gaya wa yaron kin yarda da maganarsa.