Tambaya da Amsa: Ɗaukar Bidiyon Jirgin Kwal

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan tafi Jamus karatu, ina son ɗaukar bidiyon jirgin ƙasa mai amfani da kwal. Ina zan same shi, kuma yaya hayaƙin zai fito sosai? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka nufi garin Wernigerode, inda jiragen kwal ke hawa dutsen Brocken mai tsayin mita 1,141.

Farin hayaƙin da ke tashi daga jirgin tururi ne, iska mai sanyi ce ke fito da shi, don haka ka yi sammako a lokacin hunturu. Tsaya inda jirgi ke hawa, nan injin ke nishi. A gangara ba abin gani. Rana ta kasance bayanka. Saita kyamara hoto 25 a daƙiƙa, shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) 1/50, in ta fi haka sauri sandunan ƙafafun jirgin za su riƙa tsalle a bidiyon. Rufe makirufo da soso saboda iska. Sanyi na cinye batir, ajiye na biyu a aljihun ciki.

Jirgin ICE kuwa, wato jirgin lantarki mai gudu na Jamus, yakan kai kilomita 300 a awa, kafin ka ji shi ya iso. Kada ka hau layin dogo, kada ka ɗaga doguwar sanda: wayar saman layinsa na ɗauke da wutar lantarki bolt 15,000.