Tambaya da Amsa: Koyar da Wasan Ban Dariya na Nan-Take

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare da ke Unguwar Rogo, kuma ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ina so ɗalibaina su iya wasan ban dariya wanda ake ƙagowa nan take a gaban 'yan kallo, ba tare da rubutaccen labari ba. Amma da zarar sun hau dandamali sai wasu su daskare, wasu kuma su yi ta rige-rigen faɗin abin dariya har wasan ya watse. Shin ana koyar da wannan, ko baiwa ce kawai? Daga wani malami, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ana koyar da shi sarai, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin 'yan kama da yaran da ke tashe a watan azumi ba sa riƙe takarda. Waɗanda suka tsara shi ya zama darasi kuwa, fitacciya a cikinsu ita ce Viola Spolin, wadda ta koyar da yara a Chicago ta Amurka ta hanyar gajerun wasanni, ta tattara su a littafi a 1963. Ɗanta Paul Sills yana cikin waɗanda suka kafa gidan wasan Second City a 1959.

A ganina, mai daskarewa da mai rige-rige ciwonsu ɗaya: kowannensu yana can yana neman abin da zai faɗa ya burge, don haka ba ya jin abin da abokin wasansa ya faɗa. Ƙa'idar farko ta wannan fanni ita ce ka karɓi abin da aka miƙo maka, sannan ka ɗora naka a kai. A ce wasan a tashar mota ake yin sa, yarinya ta ce, "Direba, akuyata ta haihu a bayan mota!" Idan yaron ya amsa da cewa babu wata akuya a nan, ya kashe wasan, ko da an ɗan yi dariya. Idan kuwa ya ce, "Barka da arziki, Hajiya, amma yanzu kuɗin mutum uku za ki biya," to an sami rigima, an sami halin direba da na fasinja, kuma dariya za ta zo da kanta ba tare da an roƙe ta ba.

Saboda haka kada ka fara da neman dariya. Ka zaunar da su da'ira su gina labari, kowa kalma ɗaya tak, ta yadda babu mai iya jan akalar labarin shi kaɗai. Keith Johnstone, ɗan Ingila da ya koyar a Calgary ta Kanada, yakan hana ɗalibansa ƙoƙarin nuna wayo, ya ce su faɗi abin da ya fara zuwa musu. Ya kuma dage a kan wasan matsayi, wanda zai yi wa yaranka sauƙi ƙwarai: maigida da yaron shagonsa, sannan a juya lamarin, ya zamana maigida ne ke bin yaron yana lallashi don ya ranta masa kuɗin cefane. Kai kuma ka tsaya gefe kana jefa musu gajeren umarni, kamar "saurare ta" ko "amsa masa", ba tare da tsayar da wasan ba, kuma ka yanke shi kafin ya yi sanyi. Minti biyu zuwa uku sun isa.

Sai batun iyaka. Barkwancin taubasai, ko na Fulani da Barebari, yana tafiya lafiya ne domin ɓangarorin biyu sun gaje shi. A aji irin na Jos, inda aka haɗa yara daga ƙabilu da addinai daban-daban, ka shar'anta tun ranar farko cewa ba a taɓa addini, ƙabila ko naƙasar kowa, kuma idan 'yan kallo suka ba da irin wannan batu, ka wuce shi ka nemi wani.